Jiragen Ƙasan Ailan A Ɗakin Kawuna

Masu iya magana sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. A cikinmu ɗalibai akwai wanda da an tashi daga lacca babu inda zai nufa sai gidan kallon ƙwallo, akwai mai kiwon tantabara, akwai kuma wadda jakarta ba ta rabuwa da littattafan soyayya. Ni kuwa kiwon da ya karɓe ni shi ne haɗa 'yan ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki a kan tebur, kuma jiragen wata ƙasa ce mai nisa da ban taɓa taka ta ba, wato Ailan. Abokaina a wannan sashe sun sha yi mini tsiya a kan haka. Wani ya ce ƙato da gemu yana wasan yara, wani ya ce in jirgi nake so ga tashar Iddo nan in je in kalli na gaske. Saboda haka na ga ya dace in yi amfani da wannan dama da mujallarmu ta ba ni in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda na faɗa cikin wannan harka, da abin da na tsinta a cikinta.

Asalin abin

Kakana na wajen uwa dillalin shanu ne a Agege. A zamaninsa da yawan shanun da ake yankawa a Legas ta jirgin ƙasa suke saukowa daga Arewa, don haka 'ya'yansa sun tashi da ƙarar jirgi a kunne da warin taragon shanu a hanci. Babban ɗansa, wato kawuna, shi ne Allah ya ba wa kan boko, har ya samu tafiya birnin Dablin karatun likita a shekarar 1974. Yakan ba ni labari cewa a shekararsa ta farko babu abin da ya fi damunsa kamar sanyi da kaɗaici. Rana takan faɗi tun wajen ƙarfe huɗu na yamma a lokacin hunturu, ga yayyafi ba dare ba rana, ga shi babu wanda zai yi wa Hausa. Abin da ya zama maganin kewarsa shi ne ranar Asabar ya tafi tashar Heuston ya yanki tikiti, ya shiga jirgi ya nufi yammacin ƙasar, ya dawo da dare.

A irin wannan yawo ne wata rana jirginsu ya tsaya a wata ƙaramar tasha, sai iska ta kaɗo masa wani wari da ya sani. Da ya leƙa ta taga sai ya ga jerin taragun shanu a gefe, da shingen da ake tara dabbobi kafin a loda su. Ya ce da ya rufe ido sai ya ji kamar yana tsaye a Agege kusa da mahaifinsa. Ashe ma ƙarshen abin ya riska, domin a tsakiyar shekarun 1970 ɗin ne hukumar jiragen ƙasar ta daina ɗaukar shanu, manyan motoci suka gaje aikin.

Mai gidan da yake haya wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin reluwe, yana da teburin 'yan jirage a ɗakin sama. Shi ya koya wa Kawu riƙon magagari da liƙi da dalma. Da Kawu ya dawo gida a 1982, ban da takardar shaidar likita, ya zo da akwatin ƙarfe guda cike da 'yan taragu da dogo da littattafai. Ya keɓe ɗaki ɗaya a bayan gidansa, ya kafa tebur mai tsawon ƙafa goma sha biyu, ya shiga gina wata tashar ƙauye irin ta yammacin Ailan. Ina ɗan shekara tara ya fara barina in shiga ɗakin, da sharaɗin hannayena su kasance a bayana. Sai da na shekara biyu ina kallo kafin ya miƙo mini buroshi.

Rigimar milimita huɗu da rabi

Darasin farko da Kawu ya ba ni da rula ya ba ni shi. Ya ce in auna tsakanin dogo biyun da ke kan teburinsa. Na auna, na ce milimita 21. Ya ɗauko wani guntun dogo daga cikin kwali, irin wanda ake sayarwa a kanti, na auna na samu milimita 16 da rabi. Ya ce, “To ɗana, wannan ɗan bambancin da ka gani, tarihin ƙasa guda ne a cikinsa.”

Ga yadda abin yake. Ma'aunin da masu wannan sha'awa suka fi amfani da shi a Birtaniya da Ailan sunansa OO. A wannan ma'auni kowace ƙafa ɗaya ta jirgin gaske milimita huɗu ce a kan tebur, wato an rage girman jirgin sau 76. Faɗin layin dogo a Ingila ƙafa huɗu ne da inci takwas da rabi, amma na Ailan ƙafa biyar ne da inci uku, wato milimita 1,600. In ka lissafa ƙafa biyar da kwata sau huɗu, milimita 21 za ka samu. Dogon kanti kuwa, in aka mayar da shi girman gaske, ƙafa huɗu da inci ɗaya da rabi kawai zai ba ka. Ke nan ko jirgin Ingila ya yi wa ƙunci, balle na Ailan. Mafi yawan masu haɗa jiragen Ailan sukan haƙura su yi amfani da na kantin, tunda shi ne mai sauƙin samu. Kaɗan daga cikinsu, irin su kawuna, sukan zauna su shimfiɗa nasu dogon da hannu, su kuma buɗa ƙafafun kowane tarago ɗaya bayan ɗaya.

To me ya sa Ailan ta bambanta da maƙwabciyarta? Layin farko a tsibirin an buɗe shi ne ranar 17 ga Disamba, 1834, daga Dablin zuwa tashar ruwa ta Kingstown, wadda yanzu ake kira Dún Laoghaire, tafiyar kimanin mil shida. Ɗan kwangilar da ya gina shi, William Dargan, shi ne daga baya ya gina da yawa daga manyan layukan ƙasar. Wannan layi da faɗin Ingila aka yi shi. Sai kamfanin Ulster ya buɗe nasa daga Belfast zuwa Lisburn a 1839 da faɗin ƙafa shida da inci biyu. Kamfani na uku, mai ginawa daga Dablin zuwa Drogheda, ya shirya yin ƙafa biyar da inci biyu. Ka ga ke nan in layukan suka haɗu, jirgin wannan ba zai hau dogon wancan ba. Gwamnati ta ɗora wa wani hafsan injiniyoyin soja, Charles Pasley, alhakin raba gardama. Ya tuntuɓi manyan injiniyoyi, ya ɗauki tsaka-tsaki, ya ce ƙafa biyar da inci uku. Dokar 1846 ta tabbatar da haka, kowa ya gyara nasa, shi ma layin Kingstown aka faɗaɗa shi a 1857. Har gobe in ka fita daga Ailan, sai ka je wasu sassan Ostireliya ko Birazil kafin ka tarar da wannan faɗi. Tsohon layinmu na Legas zuwa Kano ƙafa uku ne da rabi, don haka da Kawu ya fara shiga jirgin Ailan sai ya ga tarago kamar falo.

Na taɓa tambayar Kawu ko wa zai lura da milimita huɗu da rabi. Ya ce, “Ni zan lura. Likitan da ya ce ai ɗan bambanci ne a awon magani, ka guje shi.”

Kowane tarago da labarinsa

Abin da masu yi mini tsiya ba su gane ba shi ne, ba ka iya haɗa samfurin abu sai ka san abin. Kafin ka shafa fenti dole ka san shekarar da kake kwaikwayo. Jiragen hukumar CIÉ, wadda aka kafa a 1945, kore ne launinsu a shekarun 1950. Daga farkon shekarun 1960 aka koma baƙi da ruwan lemo da farin layi. Teburin Kawu yana wakiltar shekarar 1974, don haka ba za ka ga kan jirgi mai hayaƙi yana jan fasinja ba, domin CIÉ ta sallami masu tururi tun 1963. Abin da za ka gani shi ne kan jirgi mai dizal na rukunin 141, waɗanda kamfanin General Motors na Amurka ya ƙera guda 37 a 1962. Samfurinsa bai wuce taƙi ɗaya ba, amma yana jan taragu goma.

Dalilin da ya sa suka koma sayen na Amurka ma darasi ne. A 1955 sun sayo kawunan jirgi 60 daga Ingila, waɗanda ake kira rukunin A, sai injinan da ke cikinsu suka riƙa ba da matsala. Maimakon a zubar da su, sai aka cire injinan aka sa na General Motors a ma'aikatar Inchicore ta Dablin, suka ci gaba da aiki har tsakiyar shekarun 1990. Ita wannan ma'aikata tun 1846 take, kuma a cikinta ne aka ƙera kan jirgi mai tururi mafi ƙarfi a tarihin ƙasar, mai lamba 800, a 1939. A nan ne kuma a 1957 aka gwada wani kan jirgi mai ƙona busasshiyar baƙar lakar fadama, wadda mutanen ƙauyen Ailan suke girki da jin ɗumi da ita. Ƙasar ba ta da wadataccen kwal, kuma ta sha wuya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da kwal ɗin Birtaniya ya yanke, har jirage suka riƙa mutuwa a hanya. A 1994 kuwa, da aka sayo sababbin kawuna na rukunin 201 daga Kanada, na farkonsu a cikin jirgin sama aka kawo shi Dablin. Duk lokacin da Kawu ya zo nan a labari sai ya yi dariya, wai jirgin ƙasa ya hau jirgin sama.

Labarin da na fi so tun ina yaro shi ne na layin Listowel zuwa Ballybunion a gundumar Kerry, wanda ya yi aiki daga 1888 zuwa 1924. Dogo ɗaya tal gare shi, an ɗaga shi sama a kan ƙafafun ƙarfe, taragu kuma suna rataye dama da hagu. Wanda ya ƙirƙiro shi, wani Bafaranshe mai suna Charles Lartigue, a Aljeriya ya ga yadda ake yi wa raƙumi laftu, kaya a wannan gefe kaya a wancan, sai ya ce ai jirgi ma zai iya. Duk wanda ya taɓa ganin an ɗora wa jaki mangala ya san matsalar da za ta biyo baya, dole nauyin ɓangarorin biyu ya zo daidai. Haka aka riƙa tayar da fasinja daga wannan gefe a mayar da shi wancan. Ana ma ba da labarin manomin da zai aika saniya, sai da aka sa 'yan maruƙa biyu a ɗaya gefen, da aka sauke ta kuma aka dawo da maruƙan ɗaya a kowane gefe. An lalata layin a yaƙin basasar ƙasar na 1922 zuwa 1923, bai sake farfaɗowa ba, amma a 2003 mutanen garin Listowel suka gina ɗan guntunsa don masu yawon buɗe ido.

Akwai kuma labarin da ba na dariya ba. A teburin Kawu doka ce, jirgin kaya ba ya tashi sai da taragon birki a wutsiyarsa, jirgin fasinja kuma sai an duba mahaɗinsa. Ina ganin abin kamar tsanani, sai ya ba ni labarin Armagh. Ranar 12 ga Yuni, 1889, wani jirgi ya ɗebo yaran makarantar coci da iyayensu zuwa bakin teku. Ya kasa hawa wani tudu, sai ma'aikata suka raba shi biyu da nufin hawa da rabi a dawo a ɗauki sauran. Irin birkin da ke jikinsa da an raba jirgin sai ya saki. Taragun baya suka gangara da gudu suka yi karo da wani jirgi da ke tafe. Mutum 80 suka rasu, da yawansu yara. A cikin shekarar majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta tilasta sa birki mai kama kansa da kansa a duk jirgin fasinja. Tun daga ranar da na ji wannan, in na ɗauki taragon birki sai in ji nauyinsa ya fi na roba.

Layukan da suka mutu

A bangon ɗakin akwai taswira biyu. Ta farko tana nuna layukan Ailan a wajen 1920, lokacin da tsawonsu ya kai kimanin mil 3,500, kamar saƙar gizo-gizo. Ta biyu ta zamanin nan ce, abin da ya rage bai kai rabin haka ba. In ka dubi arewa maso yamma sai ka ga fili fetal. Gundumar Donegal, wadda a da take da ɗaruruwan mil na ƙaramin layi mai faɗin ƙafa uku, yau babu jirgin fasinja ko ɗaya da ke shiga cikinta.

Abubuwa da dama ne suka taru suka kashe su. An gina manyan layukan ne a daidai lokacin babbar yunwar da ta faro a 1845, wadda ta kashe mutum kimanin miliyan ɗaya, ta kori wasu kamar haka zuwa ƙetare. Bayan yunwar ma ƙaura ba ta tsaya ba. Jirgin da aka gina don ya kai wa ƙauye arziki, shi ne ya riƙa kwashe samari da 'yanmata yana kai su bakin teku su hau jirgin ruwa zuwa Amurka. Ƙauyen da ya rasa mutane kuwa ina zai samu fasinja? Sai kuma aka raba tsibirin biyu a 1921, layukan da a da suke cikin ƙasa ɗaya suka wayi gari suna tsallaka iyaka, ga jami'an kwastan, ga ɓata lokaci. Daga nan motocin bas da na kaya suka zo suka ƙarasa. A 1957 gwamnatin Ailan ta Arewa ta sa aka rufe da yawa daga layukan kan iyaka. Layin Tralee zuwa Dingle, wanda a shekarunsa na ƙarshe sau ɗaya a wata yake tashi don kwaso shanun kasuwa, ya tsaya a 1953. Na Donegal ya bi shi a ƙarshen 1959, na West Clare kuma a 1961.

Wani abin lura shi ne wasu daga cikin layukan da aka rufe an dawo ana neman su. Layin Harcourt Street na cikin Dablin an rufe shi a ƙarshen 1958, amma da cunkoson motoci ya ishi birnin, a kan tsohuwar hanyarsa aka shimfiɗa wani sashe na jirgin cikin gari mai suna Luas a 2004. An sake buɗe layin Cork zuwa Midleton a 2009, da na Ennis zuwa Athenry a 2010. Kawu yakan ce rufe layi aikin wata ɗaya ne, buɗe shi kuwa sai jikoki.

Da yawan abin da aka sani game da layukan da suka shuɗe, masu sha'awa ne suka adana shi. Tun 1946 suka kafa ƙungiyar tattara bayanan jiragen ƙasar, a 1964 kuma wata ƙungiyar ta tashi don ceto tsofaffin kawunan jirgi daga hannun 'yan gwangwan, tana da mazauni a Whitehead kusa da Belfast. Wani ma'aikacin Inchicore mai suna Cyril Fry ya shafe shekaru masu yawa yana ƙera samfuran jiragen ƙasarsa a gidansa, yau ga su can a gidan tarihi na musamman a garin Malahide, wanda aka buɗe a 2020. Jirgin da aka yanka aka narkar tun kafin a haifi iyayenmu, in kana son ganin siffarsa sai ka je wajen wanda aka yi wa dariya ana cewa yana wasan yara.

Aikin hannu a ƙasar zafi

A zamanin da Kawu ya fara, babu kamfanin da ke yin samfurin jirgin Ailan na ainihi. Sai dai a ɗauki na Ingila a shafa masa baƙi da ruwan lemo a ce ga shi nan. Wanda yake son na gaskiya sai ya yanka tagulla ko roba ya haɗa da kansa. Sai a shekarun 2000 kamfanin Murphy Models ya fito da samfuran da suka yi daidai, daga baya Irish Railway Models ya biyo. Amma kuɗinsu in aka juya shi zuwa naira ya fi ƙarfin ɗalibi, don haka mu har yanzu hannu ne jarinmu.

Ciyawar teburinmu garin katako ne daga wajen kafinta, a rina shi kore a barbaɗa a kan gam. Katangun duwatsu irin na gonakin yammacin Ailan, tsakuwa ce muke tankaɗewa mu jera da hantsaki. Itatuwa kuwa wayar lantarki ce ake murɗawa a yi rassa, a manna mata gutsattsarin soso. Ginin tasha da ɗakin mai ba da hannu da kwalin magani aka yi su, kowane falle na rufin an yanka shi daban. Laimar Legas ita ce babbar abokiyar gabarmu, tana kumbura katako, tana sa tsohon dogon ƙarfe tsatsa, don haka kafin jirgi ya motsa sai an bi layin da tsumma. Jiragen da wuta mai ƙarfin bolt 12 suke aiki, saboda haka in an ɗauke wuta sai mu jona batirin mota mu ci gaba.

Ranar da wani abokina ya raka ni ya ga wannan aiki, sai ya yi shiru, can ya ce ai wannan motar kara ce ta manya. Gaskiya ya faɗa. Yaron da ya fere karan dawa ya yi mota, ko ya lanƙwasa waya ya yi mata sitiyari da tayoyin murfin kwalba, abin da muke yi shi yake yi, ya kalli babban abu da kyau ya mayar da shi ƙarami. Bambancin kawai shi ne mu da yaro ya kai shekara goma sha biyu sai mu ce ya girma ya bari, su kuwa can sai a saya masa rula.

Idon Kawu da maganar ɗaki

Shekara uku ke nan da hawan jinin ido ya fara cin ganin Kawu. Shi likita ne, ya san abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya tsare saura. Mutumin da yake zare ƙafar tarago da hantsaki, yanzu sai ya lalubi kofin shayi. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Abin da ya yi shi ne ya mayar da ni hannunsa da idonsa. Duk Asabar in na baro makaranta na je, zai zauna a kujerarsa ya ce, “Me ke tsaye a tasha?” In faɗa masa. Ya ce, “Fito da na shanu, ka ajiye taragu huɗu a shinge, ka bar wa na fasinja hanya.” Da kunne yake gane inda jirgi yake. In ƙafa ɗaya ta sauka daga dogo, kafin in gani ya riga ya ce, “Tsaya, na uku ya zame.”

A bara ne maganar auren ƙaramin ɗansa ta taso, aka rasa inda za a sa amarya. Kowa ya san halin haya a Legas. Ido ya koma kan ɗakin baya. Matar Kawu, wadda muke kira Inna, ta same ni a tsakar gida ta ce, “Kai ne yake jin maganarka. Ɗaki guda cur a garin nan yana ɗauke da kayan wasa, ga yaro zai yi iyali, shi kuma mai kayan ko ganinsu ba ya yi.” Ban ga laifinta ba, domin duk abin da ta faɗa haka yake. Amma na san awa biyun nan na ranar Asabar su ne lokacin da Kawu yake komawa mai ba da umarni, maimakon wanda ake riƙe wa hannu.

Na rasa ta inda zan fara, ashe shi ya riga ya ji. Da na shiga ya ce, “Ɗana, ɗauko zarto.” Na ce, “Kawu, zarto kuma?” Ya ce, “Mutum ya fi jirgi. Amma ba za mu yi irin ta 1957 ba, mu tumɓuke dogo mu sayar wa 'yan gwangwan. Za mu raba shi yadda zai haɗu.” Sati shida muka yi muna wannan aiki, yana faɗa ina yi. Muka yanka teburin gida uku, kowane ƙafa huɗu, muka sa ƙusoshi masu kunne a mahaɗa, muka yi wa kowace waya lamba. Kashi biyu suna jingine a bayan kabad ɗinsa an lulluɓe su da leda. Na tsakiya, mai tasha da shingen shanu, yana kan teburin ɗakin kwanansa. Ƙafa huɗu ba ta isa jirgi ya yi gudu ba, amma ta isa a shigo da tarago a fitar. Ranar Sallah kuwa mukan fito da duka ukun tsakar gida mu haɗa, yaran unguwa su cika gidan. Amarya ta tare a ɗakinta, kuma ita ce yanzu take goge mana dogo in ban samu zuwa ba.

Abin da ya rage mana

'Yan'uwana ɗalibai, wannan sha'awa ta koya mini karanta taswira da zanen injiniya, ta koya mini lissafin ma'auni, ta kuma koya mini zama awa uku a kan abu ɗaya, wanda ya yi mini rana a darasin nahawu da fassara. Ta kuma sa na fara yi wa kaina wata tambaya. Mutanen Ailan sun auna tashoshinsu, sun ɗauki hotunan taragunsu, sun rubuta jadawalin jiragen da suka daina tafiya shekara saba'in da suka wuce. Mu ma muna da layin da ya mutu a irin wannan lokaci, ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunukan Jos, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, wanda aka rufe a 1957. A cikinmu wa ya taɓa zama da wani dattijo da ya hau shi ya rubuta abin da ya gani? Mu da muke nazarin harshe da al'ada, kalmomin ma'aikatan reluwe da na fataken shanu na jirgi suna nan a bakin tsofaffi a Agege da Sabon Ibadan da Ebute Metta, kuma kullum masu su raguwa suke yi.

Kawu ya riga ya ba ni aiki na gaba. Ya lissafa da ka cewa in aka rage jirgi sau 64, dogon kantin nan mai milimita 16 da rabi da ya ƙi yi wa Ailan daidai, zai zauna kusan cif a kan faɗin ƙafa uku da rabi na tsohon layinmu. Ya ce yana son in haɗa masa taragon shanu irin wanda yake zuwa wa mahaifinsa daga Kano, tun yana iya shafa shi da yatsa ya gaya mini inda ya yi da inda bai yi ba. Na sayi kwali da gam, na kuma fara zagayawa wajen tsofaffin ma'aikatan reluwe da littafina da rula. Duk wanda yake da tsohon hoton irin wannan tarago a gidansu, ko kakan da ya yi aikin jirgi, don Allah ya neme ni a sashe. Wanda kuma yake son gani da idonsa, ƙofar gidan Kawu a buɗe take ranar Sallah, sharaɗin dai shi ne hannaye a baya.